Yadda za ka hana jatan landen kiwo tserewa daga akwatin gilashi

Tambayar da aka fi yi mini kan wannan dabba kusan kala ɗaya ce: "Na kwanta yana ciki, na tashi babu shi, ta ina ya bi?" Wani ya tsinci nasa a bayan firji, wani a cikin takalmi, wani kuma sai da wari ya tashi bayan kwana uku sannan ya gano inda yake. Ni ma nawa na farko a ƙofar banɗaki na same shi da asuba, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ya ɗaga mini hannu kamar ni ne na yi masa laifi.

Ba busasshen kirefish ɗin miya nake nufi ba, wancan ƙananan jatan landen teku ne. Wanda muke magana a kai shi ne na ruwan daɗi mai manyan hannaye biyu kamar awartaki, wanda masu sayar da kifin ado ke shigowa da shi: ja ɗan Amurka mai suna Procambarus clarkii, ko shuɗin Florida, ko babban nan na Ostareliya mai jan tabo a hannu, ko ɗan mitsitsin Meziko mai ruwan lemo. Dukkansu gwanayen hawa ne, dukkansu da dare suke yawo, kuma dukkansu suna iya rayuwa a wajen ruwa na wani lokaci muddin gaɓoɓin numfashinsu da ke ƙarƙashin ɓawon ƙirji ba su bushe ba. Aikin kashi biyu ne: ka toshe hanya, sannan ka gyara abin da ke korarsa. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo, kwali da biro, almakashi mai ƙarfi ko reza, samfefa, tocila, soson matatar ruwa wanda ba a taɓa sa masa sabulu ba, ƙananan igiyoyin robar nan da masu aikin wuta ke ɗaure waya da su, da bokiti mai murfi. Sai abin da za a yi murfin da shi, gilashi ko ragar roba mai tauri, za mu zo kansa. In za ka yi barandar gilashi ta mataki na 5, ƙara silikon irin na haɗa akwatin kifi.

Batun kuɗi, farashi na canzawa kullum, amma tsarin tsadar ba ya canzawa. Soso da igiyoyin roba kuɗin shan shayi ne. Ragar roba ta fi gilashi araha. Gilashin ma in ka je wurin masu yanka ka ce a duba maka cikin guntayen da suka rage daga aikin taga, za ka same shi ƙasa da kuɗin sabon yanki. Abu mafi tsada gaba ɗaya shi ne ɗan injin iska mai batir na mataki na 7, wanda ke hura iska cikin ruwa ta mesa, kuma shi ne wanda ba zan ba ka shawarar ka tsallake ba.

1. Fara da kallonsa cikin dare

Kafin ka sayi komai, ka kashe fitilun ɗaki, ka jira kamar awa ɗaya, sannan ka dawo da tocila a hankali. Ka rufe bakin tocilar da jar leda ko ka dusashe hasken da yatsunka don kada ya firgita ya koma rami. Za ka ga yana zagaya bangon gilashi yana laluba da ƙafafu, yana gwada kowane abu da ya miƙe sama. Inda ya fi tsayawa, nan ce ƙofarsa.

Gilashi mai santsi ba ya hawuwa gare shi. Abin da yake hawa shi ne mesar iska, wayar na'urar ɗumama ruwa, bututun matata, dogayen tsirrai na gaske ko na roba, itacen ado, da duwatsun da aka jingina da bango. Ƙananan kuma har layin silikon na kusurwa suna bi, musamman in gansakuka ta kama shi ta yi masa kaushi. Ka rubuta duk abin da ka ga ya taɓa. Dare biyu sun isa.

Hattara: in yau ka kawo shi gida, babu batun jiran dare biyu akwati a buɗe. Kwanakin farko ne ya fi yawo, yana neman sanin iyakar wurin. Ka ɗora faranti ko katako mai nauyi a kai tun daren farko kafin murfin gaske ya samu.

2. Kawar da tsani

Duk abin adon da tsayinsa ya kai kusa da saman ruwa, ka janye shi daga bango zuwa tsakiya. Ka auna da tsawon dabbar in ya miƙe hannayensa: in zai iya tsayawa kan dutse ya kama bakin gilashi da hannu ɗaya, to ya fita, domin hannu ɗaya ya isa ya ja jikinsa duka. Babban ja yakan kai santimita 12, na Ostareliya yana wuce 20.

Matatar da ake ratayawa a bayan akwati ita ce babbar matsala. Bututunta tsani ne, ramin da aka yanka mata a murfi ƙofa ce, sannan cikinta akwai ruwa da duhu, duk abin da yake so. Sau da yawa wanda ake ta nema a ƙarƙashin kujeru yana zaune abinsa cikin matatar. In da hali ka koma matatar soso wadda injin iska ke tukawa. Ita mesa siririya guda ɗaya kawai take fitarwa waje, kuma rami ɗaya ya fi sauƙin tsarewa a kan uku. Zai ɗan yagi soson, wannan kam sai haƙuri.

Wayoyi da mesa da ba za ka iya cirewa ba, ka tattara su wuri ɗaya, su fita ta kusurwa guda. Kada ka bar su suna lilo a ko'ina. A yawancin garuruwanmu na'urar ɗumama ruwa ba ta da aiki sai da sanyin hunturu, don haka in lokacinta ya wuce ka cire ta da wayarta baki ɗaya.

3. Rage ruwa

Ka bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin saman ruwa da bakin akwati. Ga ƙananan, santimita 5 ta isa. Ka yi alama da biro ko ɗan tef a waje don duk wanda zai ƙara ruwa a gidan ya san inda zai tsaya. Wannan alamar ta fi amfani a gidan da yara ke son taimakawa.

Amma ka yi lissafi. Akwatin da tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 40 yana cin lita 72. In ka rage santimita 10 ka zubar da lita 18, saura 54, kuma tsakuwa da duwatsu za su ci nasu. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci. Saboda haka wannan girman shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi ga babba guda ɗaya, kuma in za ka sayi sabo ka nemi mai tsawo da faɗi. Shi ɗan ƙasa ne, filin tafiya ya fi masa zurfi amfani.

Rage ruwa kaɗai ba ya tsare shi. Yana dai hana shi samun wurin dogara in zai tura murfi.

4. Haɗa murfin da ya dace

Nan ne aikin yake, don haka za mu ɗan daɗe.

Kada ka ba mai yanka awo da baki. Akwatunan da ake haɗawa da hannu ba safai kusurwoyinsu ke daidai ba, bambancin milimita 3 ko 4 kuma yana iya zama ƙofa ga ƙarami. Ka ɗora kwali a saman akwatin, ka zana, ka yanka, ka gwada har ya zauna daram, ka fitar da wurin da mesa da waya za su bi, sannan ka kai kwalin a yanka maka a kansa. Murfin ya hau kan bakin gilashin ta kowane gefe, kada ya faɗa ciki.

Gilashi: nemi mai kaurin milimita 5. Yanki mai santimita 60 da 30 a wannan kaurin nauyinsa ya ɗan haura kilo 2, babu jatan landen gida da zai ɗaga shi. Ka sa a goge maka bakinsa, ko ka bi shi da samfefa da ɗan ruwa, don kada ya yanke ka ranar da kake sauri. Ya fi kyau a raba shi biyu: babban yanki na baya wanda ba a taɓawa, da ƙaramin na gaba na ba da abinci. Sai dai ƙaramin ba shi da nauyi, dole ka ɗora masa wani abu. A yanke ɗan lungu a kusurwar baya don mesa.

Ragar roba: nemi mai tauri wadda idonta bai wuce milimita 5 ba, ka kai wa masu haɗa tagogin alminiyam su yi mata firam daidai da kwalinka. Ba ta da nauyi, saboda haka sai da abin dannewa a kusurwoyi huɗu, ko maƙalai da za su riƙe ta da bakin gilashi. Dutse ɗaya a tsakiya ba ya hana kusurwa ɗagawa, kuma kusurwar yake nema.

Wanne ya fi? A ganina yanayi ne ke yanke hukunci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗaki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke zama kamar tanda, gilashi yana kulle zafi ya hana iska shiga, ruwan ya ɗume, dabbar ta ƙara matsuwa ta fita. A lokacin raga ta fi, domin tururin da ke tashi yana sanyaya ruwa, musamman in fanka na kaɗawa ta sama. Za ka riƙa ƙara ruwa akai-akai, wannan ne kuɗinta. Da hunturu kuwa gilashi ya fi, yana tare ƙura yana riƙe ɗumi. Ni biyun nake da su, ina musanyawa. Wanda ba zai iya biyu ba ya yi rabi da rabi: gilashi a baya inda wayoyi suke, raga a gaba.

Hattara, kuma wannan babba ce: kada ka kuskura ka yanki gidan sauro ka yi murfi da shi. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci yana ɗauke da maganin kashe ƙwari a cikin zarensa, kuma irin wannan magani yana kashe jatan lande ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. Tururi zai taru a jikinsa ya ɗiga ciki, shi ke nan. Ko marar magani ne ma, hannun dabbar zai yaga shi cikin dare ɗaya.

Haka ragar ƙarfe ta kejin kaji. Tana tsatsa, abin da aka shafe ta da shi yana narkewa ya zuba. Wayar jan ƙarfe ta wutar lantarki kuwa ko ɗauri kada ka yi da ita, jan ƙarfe guba ne ga duk dabba mai ɓawo. Siririn faifan roba mai kama da gilashi shi ma yana da aibi: damshi na sa shi ya lanƙwashe, bayan 'yan makonni sai ka ga kusurwoyinsa sun ɗaga sama kamar busasshen kifi. Murfin roba marar nauyi da ke zuwa da wasu akwatunan shago, mai ƙofar abinci da ba ta da sakata, don kifi aka yi shi. Ka manne ƙofar da tef ko ka danne ta.

5. Toshe sauran ramuka

Ƙa'idar ita ce duk ramin da ƙirjinsa zai shige, sauran jikin zai bi. Kada manyan hannayen su ruɗe ka, yana miƙe su gaba ya zura su ɗaya bayan ɗaya. Ni da ɗan yatsana nake gwadawa: in kan ƙaramin yatsa ya shiga, na toshe. In ƙananan Meziko kake kiwo ko akwai 'ya'ya a ciki, ka gwada da biro.

Ka yanka soso ya ɗan fi ramin girma, ka tsaga shi zuwa tsakiya, ka zura waya ko mesa a tsagar, sannan ka cusa shi da ƙarfi. Soson da ya shiga cikin sauƙi zai fita cikin sauƙi. A wurin matatar rataye, ka yanka ragar roba daidai da siffar wurin ka ɗaure ta da igiyoyin nan, ka kuma rufe saman matatar kanta. In murfinka na raga ne ko roba mai kauri, ka huda rami daidai kaurin mesa, wadda yawanci milimita 6 ce, ta shige da ƙyar.

Auduga, tsumma da takarda ba sa aiki. Suna jiƙewa, su jawo ruwa waje, shi kuma ya cire su. Ka riƙa duba soson duk mako, domin yakan zauna yana tsinkarsa kaɗan-kaɗan har ya yi hanya.

Ga mai son ƙarin tsaro akwai barandar gilashi: siraran gilasai masu faɗin santimita 5 da ake mannawa a kwance a bakin akwatin ta ciki, su zagaye shi. Ko ya hau kusurwa zai ci karo da rufi mai santsi a kansa. Wurin mannawa sai ya bushe ƙayau, kuma silikon na buƙatar awa 24 zuwa 48 kafin ya kama, har warin tsaminsa ya tafi. Kafin nan ka mayar da dabbar bokiti da ruwan akwatinsa da mesar iska, ka rufe bokitin ka danne, domin daga bokitin jira ake yawan yin asara.

Hattara: silikon na banɗaki da kicin wanda aka rubuta yana hana fumfuna yana da guba. Ka nemi wanda masu haɗa akwatin kifi ke amfani da shi.

6. Gyara abin da ke korarsa

Ruwa ba ya tsami banza. Lafiyayyen jatan lande yana gwada hawa jefi-jefi da dare, wannan halinsa ne. Amma wanda ke fafutukar fita da rana tsaka, ko yake kwanciya a gefe ɗaya a saman ruwa rabin jikinsa a iska, yana gaya maka numfashi ya yi masa wuya. In ka kulle shi da murfi mai kyau ka bar ruwan haka, a ciki zai mutu.

Iska ce ta farko. Ruwan da zafinsa digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na iskar shaƙa a kowace lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba, alhali a zafin ne jikin dabbar ya fi buƙatarta. Kuma shi a ƙasa yake zaune, inda iskar ta fi ƙaranci. Ka sa dutsen kumfa, wato ɗan dutsen da ke bakin mesar iska yana fitar da kumfa, ya sauka har ƙasa. Ka nisanta akwatin daga taga mai rana da bangon da ke ɗaukar zafi. Ja da shuɗi sun fi sakewa in ruwa bai wuce digiri 27 ba, na Ostareliya ya ɗan fi su jure ɗumi. Ranar da zafi ya yi tsanani, ka sa ruwa a gorar roba ka daskarar, ka jefa gorar a rufe ta yi iyo. Kada ka zuba ƙanƙara kai tsaye.

Na biyu dattin ruwa. Jatan lande maɓarnaci ne wajen ci, yana yaga abinci ya ja wani cikin rami ya manta. Ragowar na ruɓewa ta zama amoniya, ita kuma tana ƙona gaɓoɓin numfashi. In za ka iya sayen ruwan gwajin da ke auna dattin ruwa, amoniya da naitirait (gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama) su tsaya a sifili. Sabon akwati yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye wannan datti su zauna a matata, shi ya sa tserewa ta fi yawa a watan farko. Ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kana zuƙo dattin ƙasa da mesa. Soson matata a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

Ruwan da za ka zuba ma yana da nasa sharaɗi. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, ka sa masa maganin cire shi, ko aƙalla ka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya. Na burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, shi ma ya kwana da mesar kumfa a ciki. Kada ka zuba ruwan tankin sama da rana ta dafa. In ka lura yana haukan hawa bango jim kaɗan bayan canjin ruwa, sabon ruwan ne da laifi.

Na uku maƙwabta. Biyu a ƙaramin akwati, ɗaya zai zama sarki ɗaya ɗan gudun hijira, kuma ɗan gudun hijirar ne za ka tsinta a tsakar ɗaki. Mafi sauƙi ka ajiye ɗaya. In dole sai biyu, a samu fili da maɓoya da ta fi yawansu: guntayen bututun roba na aikin famfo, fasasshiyar tukunyar ƙasa, duwatsu da aka jera yadda ba za su ga juna ba. Maɓoya ta fi muhimmanci lokacin saɓa, sa'ad da ya tuɓe tsohon ɓawo jikinsa ya yi laushi na 'yan kwanaki. Ka bar masa saɓar a ciki, zai cinye ta ya mayar da sinadarin da ke ƙarfafa sabon ɓawo. Bayan kowace saɓa ya ƙara tsawo da ƙarfi, sai ka sake auna tazarar mataki na 2.

Yunwa ma na sa shi yawo. Ka ba shi abinci da magariba, ƙwayoyin da ke nutsewa ƙasa, wani lokaci ɗan dafaffen karas ko alayyaho, da safe ka kwashe abin da ya rage.

Hattara: ranar da za a fesa maganin sauro ko a zuba fiya-fiya a ɗakin, ka kashe injin iska, domin shi ne zai zuƙi maganin ya tura cikin ruwa. Ka lulluɓe akwatin da leda da bargo, kada ka buɗe sai an buɗe tagogi ɗakin ya sha iska. Mafi alheri akwatin ya zauna a ɗakin da ba a fesawa kuma ba a kunna maganin sauro na hayaƙi. Maganin cutar kifi ma ka karanta jikinsa, da yawa suna da jan ƙarfe.

7. Shirin ɗaukewar wuta

Littattafan kiwon da aka rubuta a Turai ba sa damuwa da wannan, mu kuwa shi ne rabin matsalarmu. An ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare, injin iska ya tsaya, fanka ta tsaya, ɗaki ya yi zafi, kuma daidai lokacin da dabbar ke farke. Da yawa cikin masu tambayata in na bi diddigi sai in tarar daren da abin ya faru babu wuta.

Ka nemi ɗan injin iska mai batir, ko wanda ake jonawa da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Ba ya cin wuta sosai. Akwai irin da ke da batir a ciki, yana ci gaba da kansa in wuta ta tafi, shi ya fi domin ba sai ka farka ba. In kana da sola, injin iska ya kasance cikin abin da ke kanta.

Injin ya zauna sama da matakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul mai hana komawa a mesar. In ba haka ba, wuta na tafiya ruwa zai iya biyo mesa ya gangaro cikin injin har ƙasa.

In babu ko ɗaya, ka ɗebi ruwan da kofi ka kwararo shi daga sama sau da yawa, ka maimaita bayan ɗan lokaci, kada kuma ka ba da abinci ranar. Wata dabarar ita ce ka gina masa tsibiri: dutse ko tukunya a kife a tsakiyar akwati, nesa da kowane bango, wanda samansa ya kusa taɓa saman ruwa. In iska ta yi ƙaranci zai hau ya karkata jikinsa ya shaƙa daga sama, ba sai ya nemi waje ba.

8. In ya riga ya fita

Fara da cikin akwatin. Duba matata, duba cikin bututu, duba ƙarƙashin duwatsu, domin yana haƙa. In ka ga abu kamar gawarsa a kwance, ɗaga ka gani: in fanko ne marar nauyi, saɓa ce, mai ita yana ɓoye.

In da gaske ba ya ciki, rufe ƙofofi, fitar da kyanwa, ka hana yara gudu a ɗakin. Yana bin gindin bango ne yana neman duhu da damshi. Ka duba bayan teburin akwatin, ƙarƙashin firji, gindin randa, banɗaki, cikin takalma, ƙarƙashin kujeru da labule. Yana tafiya da nisa fiye da yadda kake zato, kuma faɗowa daga tebur ba ta cika hana shi ba. In ba ka gan shi ba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙun tawul a gindin bango, ka ajiye faranti da ɗan ruwa, ka kashe fitila da fanka, ka yi shiru. Sau da yawa ƙarar ƙafafunsa a kan tayil ce ke tona shi. Da damina yana iya kai kwana a raye a wuri mai laima, da hunturu kuwa iska na busar da shi cikin 'yan awoyi, sai ka hanzarta.

Hattara: toshe rariyar banɗaki da ta tsakar gida tun kafin ka fara nema. Yankinmu ba shi da irin wannan dabba a ruwayensa, kuma inda ta shiga ba ta fita. An saka jan nan a tafkin Naivasha na Kenya a 1970, ya cinye tsirran ruwa, a Masar kuma ya bazu cikin kogin Nilu da magudanan ban ruwa yana huda gaɓoɓinsu. Akwai wani iri mai zanen marmara da aka fara gani a hannun masu kiwon ado a Jamus cikin shekarun 1990, dukkansu mata ne kuma suna haihuwa ba tare da namiji ba, guda ɗaya ta isa ta cika tafki, kamar yadda ya faru a Madagaska. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi da jan tun 2016. Wanda ya san yadda magudanan noman rani na Kadawa ke ciyar da jama'a ba zai so ganin mai haƙa rami a gaɓarsu ba. In ka gaji da naka, ka mayar wa mai shago ko ka ba wani mai kiwo, kada ka kai shi kududdufi.

Idan ka same shi, ka kama shi ta baya, a ɓawon ƙirji daidai bayan hannaye, inda ba zai iya juyowa ya cije ka ba. Kada ka ja shi ta hannu, zai iya sakar maka hannun ya tafi. Sannan kada ka jefa shi cikin akwati kai tsaye. Iska ta shiga ƙarƙashin ɓawonsa, sai ta fita kafin ya iya numfashi a zurfi. Ka sa shi a roba da ruwan akwatinsa wanda bai gama rufe bayansa ba, ka rufe robar, ka ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya. Za ka ga 'yan kumfa na fitowa ta wajen bakinsa, ƙura da gashi na barin jikinsa. In ɗakin an fesa masa magani kwanan nan, ka canza ruwan robar sau biyu ko uku. Sa'ad da ya fara tafiya da ƙarfi yana ɗaga hannu, ka sauke shi a hankali kusa da maɓoyarsa, ka kashe fitilar akwatin.

Wanda ka samu a sandare ba ya motsi, kada ka yi saurin jefarwa. Ka bar shi cikin ɗan ruwan nan na wasu awoyi da mesar kumfa a gefe, kana duba ƙananan ƙafafun ƙarƙashin wutsiya da gefen baki ko suna kaɗawa. Ƙafa ko hannun da ya karye a faɗuwa zai sake tsirowa a saɓa ta gaba, ƙarami da farko, ya cika bayan saɓa biyu ko uku. Daren nan kuma ka zauna da tocila, domin hanyar da ya bi jiya ita zai fara komawa.